Musa Bauchi Uku

Shekaranjiya ina zaune a bakin rumfata a Ƙofar Wambai ina wasa kurfi, sai wasu samari biyu masu shagon buga rubutu da kwamfuta suka tsaya suna kallona. Ɗaya ya ce, "Baba, har yanzu da guduma? Abin da za ka yi wata kana ƙwanƙwasa, injinmu kafin la'asar ya gama." Ɗayan ya ce wai ya ji ni ne mai kula da dutsen tsofaffin sojoji, wai shi ma aiki ne, ruwa da tsumma? Ban tanka musu ba, domin da na buɗe baki a lokacin zagi ne zai fito. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa zan zayyana muku yadda aikin yake, ku da kuke ganin duk abin da ba a jona shi da lantarki ba wasan yara ne.

Sunana Sabo. Sassaƙa rubutu a jikin dutse ita ce sana'ata, na kuma haura shekara hamsin a cikinta. Kurfi shi ne ƙarfen nan mai kaifin baki da ake bugawa da guduma, ina da su tara, daga mai faɗin ɗan yatsa har mai bakin da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Sai guduma ta katako, da ƙarama ta ƙarfe, da zare, da alli, da dutsen washi. Kayan aikin ke nan duka, jaka ɗaya ta ɗauke su. Abin da jaka ba ta ɗauka shi ne sanin inda za ka tsaya.

Wanda ya koya mini sunansa Saje Buba, wani dogon Bafillace tsohon soja. Yana cikin waɗanda aka kwasa aka haye teku da su zuwa yaƙin Boma, a can ya faɗa hannun Japan ya yi zaman fursuna. Ya dawo ba haƙoran gaba, kuma har ya koma ga Allah bai sake sa shinkafa a bakinsa ba, ko ta suna ko ta biki. Ya ce ya ci rabonsa na duniya a can, da tsakuwarta da tsutsarta. Bayan dawowarsa ne ya shiga cikin masu fasa dutsen gada, daga nan ya koyi rubutu a dutse.

Shekarata ta farko a wurinsa ban taɓa kurfi ba sai don in wasa shi. Ina ɗebo ruwa, ina buga layi da zare da alli, ina kallo. Da ya ga na fara ƙosawa sai ya jefo mini wani fasasshen dutse ya ce in yanka masa sanda ɗaya miƙaƙƙiya. Wata uku na yi ina yanka sanda. Ramin harafi ba rami ba ne kawai. Bango biyu ne da suke gangarowa su haɗu a tsakiya, ta yadda in rana ta bugi ɗaya, ɗayan zai yi inuwa. Wannan inuwar ake karantawa daga nesa, ba fenti ba. Saje ba ya duba aikina da ido. Rufe ido yake ya bi ramin da kan yatsa, in ya ji gargada sai ya ce, "Sabo, wannan kaza ce ta yi tono ko mutum ne ya yi rubutu?" Sai in nemo wani dutsen in sake daga farko. A takarda in ka yi kuskure ka goge. A dutse abin da ka cire ya tafi ke nan, ba mai mayar maka da shi.

Yawancin aikinmu duwatsun buɗe gini ne, na masallatai da makarantu da rijiyoyi. Na taɓa yi wa wani attajiri a kusa da Kasuwar Muda Lawal, ya gina masallaci ya kawo mini takarda. Sunan masallacin layi ɗaya, sunansa da saraututtukansa layi biyar. Ya ce kuma nasa ya fi girma. Na ce, "Alhaji, dutsen ba zai ɗauka ba, sai dai mu cire sunan masallacin." Ya tsaya yana nazari, wallahi sai da ya yi nazari. Irin waɗannan su ne suke ciyar da mu, ban raina su ba. Amma aikin da nake kira nawa daban yake, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukata a kansa. Gadonsa na yi.

A bayan Ƙofar Ran akwai wani tsohon gida mai fili a gaba, inda tsofaffin sojoji suke haɗuwa duk Juma'a bayan an sauko. Su da kansu suka yi karo-karo suka sa aka gangaro da dutse daga tsauni, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, suka kafa shi a filin. Saje ya sassaƙa sunayen abokan tafiyarsu na wannan yanki da aka tafi da su ba a dawo da su ba, suna arba'in da uku, kowane da lambarsa ta soja a gefe. Ba a binne kowa a wurin ba. Na sha faɗa wa malaman da suke zuwa mini da maganar bidi'a cewa ba kabari ba ne, ba mai yi masa sujada, ba mai roƙonsa komai. Jerin sunaye ne na mutanen da kaburburansu suke wata ƙasa da 'ya'yansu ba za su taɓa takawa ba, wasu ma ba a san inda aka sa su ba.

Ga yadda ake wanke shi, ku masu cewa ruwa da tsumma. Da sassafe ake yi, kafin rana ta gasa dutsen, domin ruwan sanyi a kan dutse mai zafi yana buɗe masa tsaga. Ruwan rijiya zalla, ba sabulu. Buroshi mai laushi na kaba. Gansakukar da damina ta bari a cikin ramin harafi da tsinken itace ake fitar da ita, harafi bayan harafi, kana durƙushe. Ba a sa buroshin waya, ba a sa ruwan batir, ba a shafa fenti. Duk waɗannan suna sa dutse ya yi kyau ranar taro, bayan shekara biyar kuma ka nemi bakin harafin ka rasa. Kafin ma ka taɓa shi, duk bayan 'yan shekaru sai ka warware takardar buhun siminti ka shimfiɗa a kansa ka goga gawayi, rubutun ya fito fari a cikin baƙi. Da wannan kake gane harafin da ya fara cikewa, ka bi shi da ƙaramin kurfi. Saje ya bar mini irin takardun nan a nannaɗe, ni ma na ƙara nawa a kai.

A jikin dutsen akwai Musa Bauchi har uku. Wanda bai san yadda aka ɗauki soja a wancan zamani ba zai ce kuskure ne. Mutanenmu in sun je gaban akawun Bature ba sa ba da sunan uba. Wani kunya ce ta hana shi ambaton sunan mahaifinsa, wani gudowa ya yi daga gida ba ya so a bi sawunsa. Sai mutum ya faɗi sunansa, a liƙa masa sunan garin da aka ɗauke shi. Shi ya sa za ka ga Ali Katagum, Garba Ningi, Audu Misau, ba iyaka. Lamba ce kawai take raba su. Musa na farko Bafillace ne daga rugagen gabas, danginsa sukan leƙo in sun kawo shanu gari. Na biyu ɗan wani tela ne a nan Ƙofar Wambai. Na uku daga duwatsun kudu ya fito, Saje ya ce ba Musulmi ba ne, ba ma Musa ne sunansa na gida ba, aro ya yi a bakin layi don kada mahaifinsa ya gano shi. Shi wannan ban taɓa ganin wanda ya zo nemansa ba.

Labarin Musa ɗan tela sau ɗaya Saje ya ba ni, muna durƙushe muna tsinke gansakuka. Ya ce tare aka kama su, tare aka sa su dakon kaya a daji. Ciwon ciki ya kama Musa har ya kasa tashi. "Da murfin gwangwani na tona masa," in ji shi. "Ba likkafani. Ni kaɗai na yi masa salla, mai gadi yana tsaye a kaina da bindiga." Daga nan ya ci gaba da aiki, ni ma ban ƙara tambaya ba. Amma na lura layin nan ya fi sauran zurfi.

Musa ya bar matarsa da ciki. Abin da aka haifa ita ce Yaya Talatu, wadda yanzu ta haura tamanin, tana zaune a wani lungu a Ƙofar Ran. Ba ta yi boko ba, ba ta iya karanta ko harafi ɗaya. Tun tana amarya Saje ya kama hannunta ya ƙirga mata layi tara daga sama ya ce, "Ga babanki." Tun daga lokacin duk shekara ranar tunawa da 'yan mazan jiya sai ta zo ta ƙirga tara da yatsa, ta tsaya a kai, ta yi masa addu'a ta koma gida. Da idonta ya yi yana ma ba abin da ya canza, tunda dama ba da ido take gane shi ba.

Shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata ita ce shekarar da injin rubutu ya shigo gari sosai. Masu masallatai da makarantu duk suka koma can. Sai in yi wata biyu ban buga guduma ba, ina zaune ina wasa kurfin da ba abin da ya dakusar da shi. A cikin wannan hali ne jikokin tsofaffin sojojin suka kafa kwamiti, tunda su tsofaffin babu ko ɗaya da ya rage. Shugabansu wani ɗan kasuwa ne, Alhaji Kabiru, kakansa ma yana jikin dutsen. Ya zo rumfata da mota ya ce, "Baba Sabo, za mu sabunta wurin nan. Dutsen ya tsufa, ba ya kyau a hoto. Za mu kawo baƙi mai sheƙi, inji ya rubuta da ruwan zinariya. Muna so ka sa mana albarka."

Na ce, "Alhaji, dutsen me ya yi muku? Harafi nawa ne ba ya karantuwa?"

Ya ce, "Ba wannan ba ne, Baba. Zamani ne ya canza."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara arba'in ina durƙusa wa dutsen nan, ba wanda ya taɓa kawo mini ko guga, yau an zo neman albarkata a kan a tumɓuke shi. Na ce su je su yi abin da suka ga dama.

A nan zan faɗi nawa laifin, don kada ku ce tsoho ya wanke kansa. Bayan kwana kaɗan sakataren kwamitin ya zo, wani matashi mai suna Nazifi, ma'aikacin ofis ne, mai ladabi. Ya durƙusa ya gaishe ni ya miƙo takarda. Ya ce, "Baba, na kwafe sunayen na shigar a kwamfuta. Don Allah ka duba mana kafin a kai wa masu inji." Ko kallon takardar ban yi ba. Na ce, "Ku tambayi kwamfutar taku, ai ta fi ni sani." Ya daɗe a durƙushe, sannan ya naɗe takardarsa ya tafi. Da na karɓa, minti biyu ya ishe ni in ga abin da ya faru. Fushi ya hana ni, kuma har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

Ban je wurin ba sai ranar buɗewa, shi ma don Yaya Talatu ta aiko a ce tana so in raka ta. Muka shiga keke muka je. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, lasifika tana ta ƙara. Na duba inda dutsen Saje yake ban gan shi ba. Na tambayi wani lebura, ya nuna mini dandamalin da aka ɗora sabon a kai. Ya ce ai sun farfasa tsohon sun cika tushe da shi, dutse ne mai kyau, ya ba su wuya kafin ya fashe. Shi aikin da aka sa shi ya yi.

Aka yi jawabai, aka yi ta kiran jarumai, aka ja ƙyalle aka tafa. Da mutane suka koma wajen abinci sai Yaya Talatu ta ce in kai ta. Ta ɗora hannu a sama, ta fara gangarowa. Sai ta tsaya.

"Sabo, ba na jin komai. Santsi ne kawai."

Gaskiyarta. Rubutun inji bai fi kaurin farce zurfi ba, an kuma cike shi da fenti. Na kama yatsanta na ƙirga mata tara. Ta ce in karanta. Na karanta, wani Bello ne. Sun jera sunayen bisa haruffa, ba yadda Saje ya jera su ba. Na bi da ido har na iske Musa Bauchi. Guda ɗaya, ba lamba a gefensa. Na ƙirga layukan gaba ɗaya, arba'in da ɗaya.

Na ƙwala wa Nazifi kira ya zo da gudu. Na ce ina sauran Musa biyu. Ya ce, "Baba, sau uku aka rubuta shi. Na ɗauka mai sassaƙar ne ya maimaita, kwamfuta ma ta nuna suna ɗaya ne, sai na bar guda. Lambobin kuma Alhaji ya ce suna cin wuri."

Alhaji Kabiru ya ƙaraso yana gyara babbar riga. Da ya ji abin da ake ciki sai ya yi murmushi irin na mai lallashin yaro ya ce, "To ai ga Musa Bauchi nan, Inna. Ki ɗauka naki ne."

Ta juyo wajen muryarsa ta ce, "In na ɗauka nawa ne, sauran biyun su ɗauki na wa? Ɗana, ni ban san fuskar ubana ba, ban san kabarinsa ba. Layi ɗaya nake da shi a duniya, shi kuka ɗauke."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce in mayar da ita gida.

Washegari na ɗauki takardun gawayi na tafi shagon Alhaji Kabiru na shimfiɗa masa a kan tebur. Ga Musa uku, ga lamba uku, ga na tara daga sama. Ya ɗaga gefen takardar da yatsa biyu kamar zai ɓata masa hannu. Ya ce wannan ai buhun siminti ne, ba za a taɓa aikin da manyan baƙi suka buɗe ba saboda buhun siminti. Ya ce in an buga guduma dutsen ya tsage, wa zai ɗauki alhaki? Ya ce a bari kwamiti ya zauna. Kwamiti kuwa bai zauna ba. Na koma sau huɗu, kullum yana Kano ko yana taro. Mutumin da ya tona kabari da murfin gwangwani, ya dawo ya sassaƙa sunan da hannunsa, shaidarsa ba ta isa ba don a kan takardar siminti take. Wannan raini har yau ban gama haɗiye shi ba.

Ana cikin haka Yaya Talatu ta kwanta ciwo. Na je gaishe ta na tarar ta rame, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, "Sabo, an mayar da shi?" Na ce ana kan magana. Ta ce, "To ku yi ta magana." Na fito daga gidan na san in aka ci gaba da jiran kwamiti, matar nan za ta tafi ta bar ubanta a goge.

Nazifi ne ya warware, in ba shi haƙƙinsa. Tun ranar buɗewa abin yake cinsa. Wata safiya ya zo rumfata da waya a hannu ya ce, "Baba, duba wannan." Ya yi ta bincike har ya samo hoton wani dogon bango a can ƙasar da aka yi yaƙin, inda aka rubuta sunayen sojojin da ba a san kabarinsu ba. Ya buɗa hoton da yatsu. Ga su nan, Musa Bauchi, Musa Bauchi, Musa Bauchi, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, kowane da lambarsa. Muka gwada da takardar Saje, lamba uku duk suka dace.

Na karɓi wayar na ce ya ƙara buɗa mini. Ba sunayen nake kallo ba, aikin nake kallo. Bakin haruffan a tsaye yake, ba cin buroshin waya, ba ƙunar ruwan batir, ba ɗigon gansakuka a cikin rami. Ciyawar gaban bangon an yanke ta daidai. Wato akwai wani mutum a can, mai irin sana'ata, ban san sunansa ba, bai san Bauchi ba, ba ya jin Hausa, yana tashi da sassafe ya durƙusa ya tsinke ramin sunan ɗan telan Ƙofar Wambai. Bai taɓa cewa uku sun yi yawa ba. Mu kuwa da muke jikokinsu, a garinsu, mun mayar da su ɗaya don a sami wurin zanen fure a gefe. Na ji kunya, na kuma ji fushi, ban san wanda ya fi yawa ba.

Da Alhaji Kabiru ya gani a waya, nan take ya yarda. Abin da takardar Saje ta yi wata biyu tana faɗa masa, hoto ya faɗa masa a minti ɗaya. Amma sai ya ce a ƙara ɗaya kawai, na tsohuwar da take ƙorafi. Wanda yake jikin dutsen a bar wa Fulanin in sun zo. Na ukun kuwa tunda ba mai nemansa, ba sai an wahalar da dutse ba. Na ce, "Alhaji, shi da ba mai nemansa ai shi ya fi bukatar dutsen. Ko in yanka duka ko in bar muku kayanku." Ya ce in ya tsage ruwana. Na ce na ji.

Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Dutsen Saje kaurinsa ya kai kamu biyu, ka buge shi yadda kake so. Wannan kuwa falle ne, kaurin yatsa biyu, an manna shi a jikin bulo. Na bi shi da ƙwanƙwasa da bayan yatsa ina saurare, na ji wurare uku a ƙasa suna amsawa kamar ganga, wato ba komai a bayansu. In ka sa kurfi a irin wurin nan, bugu ɗaya ya isa ya raba fallen biyu. Sai da na huda ta sama na ɗura ruwan siminti a hankali, na bar shi kwana huɗu ya kama. Sannan na buga layi a ɗan filin da ya rage a ƙasa. Baƙin dutse mai sheƙi ba ya riƙe alli, kurfi kuma zamewa yake a kansa, sai ka fara ƙarzar fatar da bakin ƙaramin kurfi kafin ka shiga. Idona ba kamar da ba, daga hantsi sheƙin yake kashe mini shi, don haka awa biyu kawai nake samu kullum. A kwance nake aikin, a kan buhu, da gefe ɗaya, tunda layin yana kusa da ƙasa. Kwana goma sha biyu na yi. Na sa wa Musan da yake sama lambar Bafillacen, na yanka biyu a ƙasa da lambobinsu, ɗan tela a sama, ɗan duwatsun kudu a ƙarƙashinsa. Ban sa musu fenti ba. Na zinariyar ma tun damina ɗaya ya fara ɓarewa.

Ranar da na gama na je na faɗa mata. 'Ya'yanta suka ce ba ta da ƙarfin fita, ta ce ko a kan tabarma sai an kai ta. Aka sa ta a keke, mata biyu suna riƙe da ita. A wurin ba rumfa, ba lasifika, daga mu sai Nazifi da ya tsaya can gefe. Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin dutsen ta zauna, na kama hannunta na ɗora a farkon layin. Ta bi shi a hankali, harafi bayan harafi, har ƙarshen lambar, ta dawo ta sake bi.

"Ka tabbata shi ne?"

"Shi ne, Yaya. Lambar da take layi na tara, ita ce wannan."

"Hannun Saje ya fi naka zurfi."

"Dutsen Saje ya fi wannan kauri."

Ta yi 'yar dariya, sannan ta ɗaga hannu ta yi addu'arta, muka shafa. Da ta mayar da hannun sai yatsanta ya sauka a layin ƙasa. Ta tsaya a kai.

"Wannan fa?"

"Musa na uku ne. Shi ba mai zuwa masa. Saje ya ce ba ma Musulmi ba ne."

"Na tambaye ka addininsa? A can ɗin da kuka gani a waya, ba kusa da babana yake ba?"

Na ce kusa da shi yake.

Ta ce, "To maƙwabcinsa ne. A bar mini shi."

Ta kama gefen mayafinta ta goge ƙurar dutsen da ta rage a cikin sunan ubanta, sannan ta sauko ta goge na ƙasa.